Minti Hamsin na Sabuwa

Paki, 14 ga Yuni

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in aka cire haƙorina na ƙurya da muka yi baran-baran da shi, ya tafi ya bar mini kango. Ruwa ya sauka, masara ta fito, barkono yana nan yana shawara. Ya aiki, ya Abuja? Innarki tana gaishe ki.

Kada ki ce me ya hana ni kira. In na kira sai ki ce "Baba ina ofis", kafin in gama gyaran murya kin ajiye. Ni kuwa aji huɗu na yi a firamare, ba zan bar wannan ilimi ya ruɓe a cikina ba. Muktar direba zai kawo miki wasiƙar nan. Ya ce in rubuta sunanki na yanka a bayan ambulan don kada a kai wa manajan gaske. Na ce shi ya rubuta. Shekara ashirin da tara ban kama sunan 'yar fari ba, ba zan fara a kan ambulan ba.

To ga labari. Mutanenku sun zo ranar Talata, masu jin ra'ayin jama'a. Na ga tambarin ofishinku a rigarsu, na ce yau ranata ce. Shekara talatin ina raba ra'ayi kyauta a teburin mai shayi, ba wanda ya taɓa rubutawa. Sai na ga suna ƙirga gidaje, wai duk gida na biyar kawai suke shiga. Na ƙirga da ido daga bakin masallaci, na ga namu na shida ne. Na tare su, na ce gidan marigayi Ja'afar da kuka sa a lissafi kango ne, awaki ne kawai a ciki, akuya kuwa ba ta da ra'ayi sai na dusa. Suka yarda. Allah ya yafe mini, tsohuwarsa tana nan kwance a ɗakin ƙurya.

Na shige na zura rigar Sallah, da ma ba ta koma akwati ba. Na jera maganata a kai: tsadar taki, hanyar da ruwa ya cinye, 'yan siyasar da ke tuna sunan Paki shekara huɗu sau ɗaya, da yaran da suka daina gaida mutane saboda kansu yana cikin waya. Yarinyar da ke riƙe da na'urar, Samira sunanta, 'yar Taba ce ta wajen Kudan, ta tambaye ni manya nawa ne a gidan da shekarunsu. Na ce biyu. Ta danna. Na'ura ta yi tunani, ta ce mace, mai shekara hamsin da ɗaya.

Na ce yarinya, ra'ayinta ai nawa ne, wuri ɗaya muke ajiye shi, kuma makullin yana hannuna. Ta yi dariya ta ce Baba, wanda na'ura ta zaɓa shi ne, ko da hakimi ne a zaune. Ta shige cikin gida, ta ce in jira a zaure. Ni Maiwada, a zaurena, da babbar riga, kamar wanda ya zo biko. Na leƙa da hujjar neman buta, aka miƙo mini butar ta saman zana.

Manaja, minti hamsin! Na duba agogo. Matar da in ta yi mini kalma hamsin a mako sai in taɓa goshinta in ji ko zazzaɓi ne. Da suka fito na ce Sabuwa, me kika ce musu? Ta ce, "Abin da suka tambaya, Malam." Ta ɗauki tsintsiya.

Shi ne na ce tun da a can kike, ki ɗan leƙa mini. Ba don komai ba, in san dai wa za ta zaɓa, kada ya zamana shekara da shekaru ina kai ta rumfar zaɓe a bayan mashin tana soke mini ƙuri'a.

Af, tana ɗan fama da ciwon gefen ciki, har ya ɗan tasa. Na ce mata in ƙani za a yi wa Manaja a wannan shekaru a gaya mini da wuri in nemi rago. Ba wani abu ba ne, tana shan jiƙo.

Mahaifinki,
Maiwada mara wada

Abuja, 22 ga Yuni

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna. Ya damina, ya haƙori? Saƙo ya iso, har Muktar ya tsaya sai da ya ga na yi dariya don ya kai maka rahoto.

Baba, abin da ka yi da gidan Ja'afar, da shugabana zai ji, sai ya sha magani. Ƙirgar nan ita ce aikin gaba ɗaya. Ana yin ta ne don kada masu babbar riga su kaɗai su yi magana.

Batun leƙawa kuwa, ka yi haƙuri. Kafin a fara, ana yi wa mutum alkawari cewa ba wanda zai san abin da ya faɗa. Na'urar tana ɗaukar murya, amma don mu tabbatar an yi tambayoyin daidai ne. Aikina ke nan, in saurari ɗaya cikin goma, kuma ba ni ke zaɓa ba. Lamba ce a kai, ba suna. In an cika kwana casa'in ana goge duka. Na sa hannu a kan ba zan buɗe na wanda na sani ba. Ai ba ka so 'yarka ta zama mai cin amana don ƙuri'a ɗaya.

Yanzu maganar da ta sa na zauna rubutu. Ciwon nan na Inna, tun yaushe? In na kira, kai ke riƙe da wayar, kana tsaye a kanta kana jefo barkwanci, ita kuma ta ce "lafiya lau" ta miƙa maka. Ciki ba ya tasawa haka kawai. Don Allah ka kai ta asibiti a Ikara cikin makon nan, a yi hoto. Kada ka jira a gama noma. Na tura abin mota ta hannun Muktar.

'Yarka,
Hafiza

Paki, 12 ga Agusta

Manaja,

Assalamu alaikum. Ya hanya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan ta, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta. Nan muna nan. Masara ta yi goyo, ba ta san an yi rashi ba.

Kin zo kin yi kwana bakwai, kin koma, ni da ke ba mu ce wa juna komai ba sai "ya haƙuri" da "haƙuri sai ma'aiki". Gida cike da mutane, ni ina zaure, ke kina ciki. Shi ya sa na koma ga biro. Bakina in ya buɗe ban san abin da zai fito ba, biro kuwa ana iya riƙe shi.

Kin sani wasiƙarki ta same ni muna tsakiyar noma. Na ce a bari a gama. Aka gama na fari, ciyawa ta sake tasowa, na ce a bari a yi maimai. Ranar da ta kasa tashi daga kan sallaya muka tafi Ikara, suka tura mu Zariya. Likita ya danna cikin, ya cire gilashinsa, ya dube ni ya ce, "Ina kuke tun tuni?" Na ce muna gona. Ba wanda ya yi dariya. Kwana shida muka yi a can.

Ga abin da ya sa na rubuto. Muryarta ta fara ɓace mini. Ina ganin fuskar, ina ganin yadda take ɗaura ɗankwali ya karkace hagu, amma in na ce bari in ji ta, sai in ji tawa muryar. Da alama ni na cika gidan da surutu har tata ba ta samu wurin zama ba. Na bincike wayata kaf. Akwai kukan ragon Sallah da na ɗauka don in tura wa mutane, akwai wa'azi, akwai ni ina kwaikwayon kansila. Ita babu, ko tari.

Sai na tuna kin ce na'urarku tana ɗaukar murya.

Kuma akwai wani abu. Kin san Lantana matar Sama'ila, ita ma an shiga gidansu a ranar. Ita ai ba ta riƙe magana, kafin la'asar unguwa ta haddace tambayoyin. Ta ce a ƙarshe ana tambayar sunan mai gida, don in shugabanni sun biyo sahu su gane gidan. Ita ta ce "Sama'ila" kai tsaye, kamar tana kiran ɗan akuya. 'Yan zamani ke nan. Muka yi ta yi masa tsiya a wurin mai shayi, ni ne ma kan gaba.

Manaja, shekara talatin da biyu Innarki ba ta taɓa kama sunana ba. A gabana "Malam", a bayan idona "shi". Akwai wani Maiwada mai gyaran rediyo a Ikara, shi ma ya ci albarkacina, "mai sunan Malam" take ce masa. Ranar nan kuwa na'ura ta tambaye ta, ni ina zaure. In ta faɗa, to akwai wuri ɗaya a duniya da sunana yake cikin bakinta, kuma yana ofishinku.

Na hau mashin na je har Taba neman Samira. Na bi ta cikin gonakin rake ina tambaya kamar mai neman ɓatacciyar tunkiya. Na same ta. Da ta ji rasuwar sai ta durƙusa ta fashe da kuka, kukan da ya fi na wadda ta san mutum minti hamsin. Na ce 'yata, me ta gaya miki? Ta ce, "Baba, na yi mata alkawari." Ta kawo mini ruwa da mazarƙwaila, ta rako ni bakin hanya. Na dawo da mazarƙwaila a aljihu da dutse a ƙirji.

Na ƙirga kwana casa'in ɗinku a kalandar masallaci, ya faɗo Litinin takwas ga Satumba. Ban ce ki ba ni ra'ayinta ba, ta zaɓi wanda ta ga dama. Suna ai ba ra'ayi ba ne. Ki yanko mini wurin kawai, ko daƙiƙa biyu ne.

Mahaifinki,
Maiwada

Abuja, 19 ga Agusta

Baba,

Ina gaishe ka, ya ƙarin haƙuri. Allah ya gafarta wa Inna.

Na karya abin da na sa wa hannu. Na nemo ta da kwanan wata da sunan unguwa, na sa abin ji a kunne, na saurara daga farko har ƙarshe.

Ba zan turo ba. Don Allah kada ka sake roƙo na, kuma kada ka koma wurin Samira, ka bar yarinyar mutane. Da ma ban buɗe ba. Ko kuwa da ma na buɗe tun ranar da ka fara tambaya. Ban san wanne ba.

Na ga kiranka guda tara. Ba zan iya ɗauka yanzu ba. In na ji muryarka zan faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa uba. Ka ba ni lokaci.

Ka riƙa cin abinci. Na yi magana da Lantana za ta riƙa aiko maka.

Hafiza

Paki, 27 ga Agusta

Manaja,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni lafiya lau. Lantana tana aiko da tuwo, miyarta kuwa gishirinta ya isa a jiƙa fatar sa. Kaji suna gode mata.

Na karanta wasiƙarki sau ashirin. Gajera ce, amma aji huɗu bai isa ya fassara ta ba. Na juya ta, na duba bayanta, na ɗaga ta a rana.

Shekaranjiya kuma sai ga ku a rediyo. Wani mai murya kamar an shafa mata man shanu yana karanto sakamakon bincikenku. Ya ce kaza cikin ɗari ba su yarda da 'yan siyasa ba, muka ce wannan ko akuyar gidan Ja'afar ta sani. Ya ce kaza sun fi gaskata waya a kan rediyo, mai shayi ya ce rediyon ma da bakinsa yake faɗa. Sai ya ce a cikin matan aure na karkara da kuka tambaya, huɗu cikin goma sun ce in damuwa ta same su ba su da wanda za su gaya wa. Sama'ila ya ce, "Ƙarya ne, tawa har maƙwabta take gaya wa." Aka kwashe da dariya, aka juyo ana jiran nawa. Kin san ni ake jira kullum. Sai na ce shayin ya yi zafi.

Tun daga nan na zama ma'aikacinku ba albashi. In mata sun wuce za su gidan biki sai in ƙirga goma, in ce huɗu daga cikin nan. Wace da wace? Sabuwa tana cikin shidan ko cikin huɗun?

Amma bari in gaya miki abin da na gano, don kada ki ɗauka ubanki bai da kai. Kin ce in kin ji muryata za ki faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa uba. Samira ta yi kuka. Ke kin ƙi turo suna, abu na daƙiƙa biyu. To ashe ba sunana ta faɗa ba ke nan.

Ba ki san Zainulabidin tela ba, na Makarfi. Shi ya fara neman ta. Yana da keken ɗinki da shago, ni ina da baki. Na sa ta dariya a bikin wata 'yar'uwarta har ta zubar da kunu, bayan wata uku aka ɗaura mana aure. Kullum ina faɗa a majalisa cewa da wasa na ƙwace ta. To in an tambaye ta ko ta yi nadama, ta ce da ma telan ta aura, ki faɗa mini. Na je Makarfi ranar kasuwa na tsaya nesa na kalle shi. Ya tsufa, ya ranƙwafa, zare ma sai an zura masa a allura. Amma na ga matarsa ta kawo masa abinci, ta ce wani abu, ya tsayar da keke, ya juyo gaba ɗaya yana saurare. Na daɗe a tsaye har mai rake ya ce in saya ko in matsa.

In wannan ne, zan iya ɗauka. Na rantse zan iya. Wanda ya ci bashin dariya shekara talatin da biyu ai ya san wata rana za a yi da shi. Abin da ba zan iya ba shi ne Litinin ɗin nan ta zo ta wuce, wani yaro a ofis ya danna abu yana cin gyaɗa, shi ke nan. An binne ta sau ɗaya ina tsaye. Kada a sake binne ta ina zaure.

Saura kwana goma sha biyu.

Mahaifinki

Abuja, 4 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka. Ya jiki, ya haƙuri?

Ka bar bawan Allah tela ya yi ɗinkinsa. Babu shi a ciki, babu wani namiji a ciki sai kai. Ba ta ce ta yi nadama ba. Wannan kaɗai zan cire maka, don kada ka ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba.

Ga dalilin da ba zan turo ba. Da Samira ta karanta mata alkawarin, Inna ta ce, "Ba wanda zai ji?" Samira ta ce babu. Ana jin kaji, ana jin ka daga zaure kana ba abokin aikinta labari yana dariya. Sai Inna ta rage murya ta ce, "Har shi?" Samira ta ce har shi. Daga nan ta fara magana. Baba, ban taɓa jin Inna ta yi magana haka ba. Ban san tana da wannan yawan magana ba. Ta ba da ita ne bisa sharaɗi ɗaya, ni kuma na riga na ci rabin amanar da na saurara. Ba zan cinye sauran ba.

Fushin da nake yi ba da kai kaɗai ba ne. Ranar da wasiƙarka ta farko ta zo, muryar nan tana cikin kwamfutar da ke gabana. Ka ce in leƙa, na yi maka wa'azin amana, na ji daɗin kaina. Da na leƙa a ranar, da a ranar zan hau mota in zo in ɗauke ta da kaina, ko kana so ko ba ka so. Mako biyar cur tana nan a gabana tana faɗa, ni ina sauraron na wasu. Ka fahimci abin da za ka fahimta daga nan, ni ban faɗa ba.

Batun suna kuwa, na yi ta tunani, na ga gaskiyarka. Samira ta riga ta ce an gama tambayoyi kafin ta zo kan tambayar suna, don haka ba ya cikin alkawari. Ga yadda aka yi.

Ta ce, "Inna, sunan mai gidan?" Inna ta ce, "Malam." Ta ce, "Malam wa?" Inna ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke dai rubuta Malam, kowa ya san shi." Samira ta ce na'urar ba ta wucewa sai da suna, ko ta fita ta tambaye ka. Inna ta ce a'a, kada a taso shi, yanzu sai ya shigo. Ta ce, "To rubuta da sunan 'yarsa." Samira ta ce wace? Sai Inna ta ce, "Hafiza. Baban Hafiza."

Ba ta kama naka ba, Baba. Nawa ta kama. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba, "ke" ce ko "yarinyar nan". Ta faɗe shi a hankali, kamar mai ɗauko ƙwai.

Na maimaita wurin sau goma sha ɗaya. Kwamfuta tana rubuta duk wanda ya buɗe, shugabana ya kira ni, na gaya masa gaskiya. Ya yi mini ta'aziyya, ya ba ni takardar gargaɗi, ya rufe mini hanyar shiga. Ko na so turowa yanzu ba ni da iko. Ranar Litinin za a goge, nawa da naka duka.

'Yarka,
Hafiza

Paki, 15 ga Satumba

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. An fara karyar masara. Ta yi kyau bana, abin haushi.

Litinin ta zo ta wuce. Na zauna a tsakar gida inda suka shimfiɗa tabarma a ranar, na duba agogo na yi minti hamsin ban ce komai ba. Ashe da tsawo. Ban taɓa gwadawa ba.

Kin ce ba ki faɗa ba. Ba ki faɗa ba, Allah ya yi miki albarka, uwarki ta haifi mai riƙon amana. Ni ma ba tela na je nema Makarfi ba, na je neman laifin da ba nawa ba ne, don shi ya fi sauƙin ɗauka. Abin da ta gaya wa na'ura na riga na'ura ji. Bari ni in faɗa, tun da ni ba a yi wa kowa alkawari a kaina ba.

Sau uku ta gaya mini. Na farko da azumi, ta ce Malam, akwai abin da ke tokare ni a nan. Na ce ƙosan buɗa-baki ne ya samu fili ya yi gini. Na biyu shi ne na rago, har na rubuta miki shi don ke ma ki yi dariya. Na uku bayan wasiƙarki ta zo, kuɗin motar da kika aiko suna aljihuna. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce, "Malam, ina jin ba zan ga kakar bana ba." Ta kalle ni. Na ga idonta sarai, kuma tsoro ya kama ni. Sai na ji bakina ya ce, "To ki daure a gama maimai tukuna, wa zai kawo mana abinci gona?"

Ta yi dariya. Wallahi ta yi. Shekara talatin da biyu tana yi mini wannan dariya, ni ina ɗauka gwaninta ce tawa, ashe sallama ce take yi mini in tafi. Ta ɗauki rariyarta. Ba ta sake faɗa ba.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni na ga fuskar, na ba ta amsa da barkwanci. Yarinya daga Taba ta zo da na'ura, ba ta san ta ba, ba ta ba ta ko ƙwayar magani ba, ta dai yi tambaya ta rufe baki. Abin da ya gagare ni ke nan. Ba sai an gaya mini ko tana cikin huɗun ba. Ni na sa ta a ciki.

Sunana kuwa, ta kyauta da ba ta faɗa ba. Tana cikin wannan ciwo, an ba ta dama ta yi yadda ta ga dama ba mai ji, ta tsare mini girman da ban biya ba. Ki riƙe naki. Sun goge na ofis, na kunnenki ba su da makullinsa.

Lantana ta ce tambayar tana cewa, in damuwa ta same ka, wa kake fara gaya wa? Ni na'ura ba ta zaɓe ni ba, rigar Sallah ta tashi a banza. Amma ga amsata, ki sa a inda kuke sawa.

Na ce miki kaji suna gode wa Lantana. Gaskiyar ita ce tun sadakar bakwai abinci ba ya wuce mini, in na kai loma sai ta tsaya. Wandona na ɗaure shi da igiya. Jiya jiri ya kayar da ni a gona, na ce wa mutane sujada na yi. Sun yi dariya. Ban gaya wa kowa ba, ke ce ta farko.

Na ce wa Muktar ya bar ambulan, wannan karon ni zan rubuta bayansa. Tun da uwarki ta riga ta buɗe hanya, bari in bi sahunta.

Hafiza, ba ni da lafiya. Ki zo ki kai ni asibiti. Ba wasa nake ba.

Baban Hafiza